Dutsen Kwatarkwashi bai gusa ba, mu ne muka daina hawansa

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya aiki ya kuma zafin ga. Dan Allah a ɗan sam min fili, nasan wasiƙar tawa tayi tsawo, in ma almakashi zai shiga to a bar min wajen da nayi maganar Kwatarkwashi don saboda shi na zauna nake ta latse-latsen wayar nan.

Ni malamin makaranta ne a nan Gusau, jogarafi nake koyarwa a sakandare, kuma abinda ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya shine duk sanda manyanmu suka tashi maganar yawon buɗe ido, walau a Zamfara walau a Kebbi, maganar bata wuce biyu, ko ace za'a gina katafaren otal ko ace za'a farfaɗo da wani biki a gayyato baƙi daga Abuja a ci a sha a ɗauki hoto a watse. Ban taɓa jin wanda ya tsaya yayi maganar yadda talaka zai cika mota da iyalinsa, ko malami ya cika bas da ɗalibansa, su tafi su hau dutse ko su shiga gandun daji su dawo gida lafiya kafin magariba ba, alhali wannan shine gindin abin, sauran duk rassa ne.

Abinda ya tayar min da maganar ɗan yayata ne dake karatu a jihar Arizona ta Amurka. Jami'o'insu na basu ɗan hutu na mako guda wajajen watan Maris, to shi da abokansa sai sukayi karo-karo suka ɗauki hayar mota suka zuba tanti da barguna da jarkokin ruwa a but suka nausa hamadar kudu maso yammacin ƙasar, yau su kwana nan gobe su kwana can, suna hawan tsaunuka suna shiga gandayen daji na gwamnati. Hotuna suka rinƙa shigowa gurup ɗin gidanmu na WhatsApp ba ƙaƙƙautawa, uwarsa kuwa, wato Yaya, faɗa ta kama yi da murya, wai an sayar da fili an tura ka neman ilimi ka ɓige da hawan duwatsu kamar akuya, in ka faɗo wa zai ɗauko ka a ƙasar mutane. Kowa yayi dariya. Ni kam kiransa nayi nace ya zayyana min komai dalla-dalla, don wuraren nan a taswira kawai na sansu.

Sun fara da Joshua Tree a jihar Kalifoniya, inda hamada biyu suka haɗu, Mojave da Colorado, wuri ne na tarin manyan duwatsu da wasu itatuwa masu ganye tsini-tsini, kusan duk cikin gandun babu ruwan sha sai wanda ka shigo dashi amma a haka mutum wajen miliyan 3 ke zuwa duk shekara. Daga nan sukayi arewa zuwa Death Valley, kwarin da aka auna zafi mafi tsanani da aka taɓa rubutawa a duniya, digiri 56.7 ranar 10 ga Yuli 1913 a wani wuri da ake cewa Furnace Creek. A cikin kwarin akwai Badwater, fili ne na farin gishiri shimfiɗe wanda yake mita 86 ƙasa da fuskar teku, ba inda ya kai shi zurfi a duk Arewacin Amurka, kuma kana tsaye a cikin gishirin nan in ka ɗaga kai yamma zaka hango tsaunin Telescope wanda tsayinsa ya haura mita 3,300 da ƙanƙara fara fat a kansa. Shi suka so hawa, tafiyar kilomita 22 ce zuwa da dawowa, amma ma'aikaciyar gandun data duba takalmansu tace musu a'a, ƙanƙarar saman bata narke ba kuma baku da ƙarafunan da ake ɗaurawa a ƙafa, ku hau Wildrose dake kusa dashi, shi mita 2,700 da ɗoriya ne kuma hanyarsa ta fi sauƙi. Suka ji maganarta. Hanyar tana farawa ne daga gindin wasu matoyar gawayi guda 10 na dutse da aka gina tun 1877 lokacin masu haƙar ma'adinai, har yau suna nan tsaye ba wanda ya ɗebi dutse ɗaya ya kai gida yayi harsashin gini. A hanyar dawowa suka biya Grand Canyon, kwazazzabon da kogin Colorado ya ƙwaƙule, tsawonsa kilomita 446 zurfinsa a wasu wurare ya kai mita 1,800.

To Malam Edita ni tsayin tsaunukan bai ɗaga min hankali ba, Allah ne ya halitta, ba wayon Ba'amurke bane. Abinda na matsa masa da tambaya a kai shine, kai ɗana, ku samari ne baƙar fata baƙi a ƙasar mutane, kun kwana a tanti tsakiyar daji, ba ku ji tsoro ba? Yace wallahi Kawu tsoronmu biyu ne, ruwa ya ƙare ko taya ta fashe a inda ba sabis. Nace shikenan? Yace shikenan. Sai da nayi shiru na ɗan lokaci har yake cewa Kawu ko netwok ne.

Sannan ya kwatanta min bakin hanyar hawan, abin ba wani abin a zo a gani bane. Fili ne na tsakuwa da zaka aje mota, ga bandaki na rami amma mai tsafta da ƙofa, ga allo guda an manna taswira an rubuta nisan tafiya da yawan hawan da zakayi da gargaɗin ka ɗauki ruwa aƙalla lita 4 a yini, kada ka bar shara, kada ka ba dabba abinci, in lokacin zafi ne kada ka taka cikin kwarin bayan ƙarfe 10 na safe. A ofishinsu kuma akwai mai kaki da hula mai faɗi da zai gaya maka wace hanya ce ruwa ya cinye wace ce a buɗe. Kati ɗaya na dala 80 suka saya, mazaunin ƙasar na shiga dashi duk gandayen tarayya shekara guda, shi da duk wanda ke cikin motarsa. Iyakar sirrin kenan, allo da bandaki da ma'aikacin da yake wajen aikinsa da titi mai kyau. Sun fara tun 1872 da Yellowstone, suka kafa hukumar kula da gandayen a 1916, yanzu manyan gandayen sun kai 63 kuma ziyarar da ake kaiwa wuraren da hukumar ke riƙe dasu ta haura miliyan 300 a shekara, duk garin dake bakin ƙofar gandu kuwa da wannan zirga-zirgar yake ci, mai gidan mai, mai abinci, mai ɗakin kwana.

Kada wani yace ina yi wa Amurka bambaɗanci, su ma hannunsu ba wanke yake ba. Yawancin wuraren nan ƙasar mutanen asali ce aka ture su gefe, ƙabilar Timbisha da suke zaune a Death Valley tun kafin zuwan Turawa sai a shekarar 2000 aka yi dokar data basu filin kansu a cikin ƙasar kakanninsu. Wannan darasi ne a gare mu don duk gandun da aka zana a takarda aka kori manomi da makiyayi aka hana su ko itacen girki ba tare da an basu komai ba, to an shuka gaba ne, kuma mu nan mun san ɗanɗanon gaba tsakanin mutanen da suke cin daji ɗaya.

Wani abu kuma da nake so samarinmu su gane kafin wani ya ga hoto a Facebook ya ɗauki jaka. Su can Maris da Afrilu ne lokacin daɗin hamada, sanyi ya sake su zafi bai iso ba, shekarar da akayi ruwa sosai ma furanni ke rufe kwarin kamar yadda akayi a 2005 da 2016. Mu nan kuwa waɗannan watannin sune tsakiyar bazara, Gusau da Birnin Kebbi da Argungu zafi na haura digiri 40, lokacin sanƙarau ne, dutse kan ɗau zafin da ko tafin hannu baka iya ɗorawa daga hantsi, wanda ya hau fa da azahar a Afrilu ya nemi rigima da kansa. Lokacinmu daga ƙarshen kaka ne, Nuwamba zuwa Janairu, an gama girbi ciyawa ta fara kwanciya macizai sun rage yawo, kuma gara farkon lokacin kafin hazo yayi kauri don in buji ya sauka sosai ka hau har ƙololuwa baka ganin komai sai fari. Da damina kuwa wuri yafi kyau amma dutse na santsi, ban ba kowa shawara ba.

Yanzu bari na zo gida. Duk wanda ya taɓa fita Gusau ta hanyar Tsafe zuwa Funtua ya ga dutsen Kwatarkwashi, ko rabin awa ba'a yi a mota, yana ƙaramar hukumar Bungudu, garin na kwance a gindinsa, dutse ne mai tarihi wanda kakanni suka zauna a kansa da kewayensa saboda tsaro, kuma da bikin kamun maiki aka san shi a da. A shekarun da hanya ke hanya muna kai ɗalibai, mu tashi bayan sallar asuba a bas ɗin haya, a sayi ƙosai da burodi a tasha, mu isa rana bata gama fitowa ba. Sai an fara zuwa an gaida manya a nemi izini, ba'a hawan dutsen mutane haka kawai, su kuma su haɗa mu da yaran gari masu nuna hanya. Na tuna wani dattijo dake zaune kan buzu a ƙofar gida ya dube mu ya dubi takalman ɗalibai yace, Malam mi kuka nema bisa, in dai kun matsa to ku tahi da ruwa kuma ɗiyan ga masu takalmin boko su tuɓe, dutsen ga baya son ƙwas-ƙwas. Gaskiyarsa kuwa, masu kambas da masu silifas ɗin roba sun fi kowa jin daɗi, masu sandal mai sulɓi a hannu suka riƙe nasu.

Farkon hawan tsakanin manyan duwatsu ake bi ana dafawa ana sunkuyawa, ƙaya na kama wando, sai can a fito kan fa mai faɗi inda ba abin kamawa, nan ne surutu ke ɗaukewa kowa ya koma jin numfashinsa, mai ƙiba ya fara tambayar saura nawa, yaran gari kuwa ƙafa ba takalmi suna can gaba suna jiranmu suna dariya. A ɗan kwarmin dutse zaka tarar da ruwan damina ya kwanta yayi kore, ga kashin rema a bakin kogo, ga shaho na shawagi a ƙasanka, eh a ƙasanka, wannan kaɗai ya isa ya sa yaro ya buɗe baki. In ka juyo sai kaga titin Funtua ya miƙe da tireloli na rarrafe a kai, ga gonakin dawa an girbe an jera kara, ga gawo ya fitar da ganye a lokacin da sauran itatuwa ke zubarwa, ga layin kore inda rafi ya bi. A nan nake zaunar dasu na nuna musu yadda zafin rana da sanyin dare ke sa fatar dutse ta rinƙa ɓarewa falle-falle, su ɗauki ɓawon a hannu su juya shi, abinda nayi sati biyu ina zanawa a allo basu gane ba sai su gane shi kafin su gama shan ruwa. Gani ya kori ji.

Yau ɗaliban da nake koyarwa da yawansu basu taɓa taka wajen ba. Ba shugaban makarantar da zai sa hannu a takardar fita da yara bayan satar ɗalibai da akayi a Jangebe a Fabrairun 2021 da ta Birnin Yauri a watan Yunin shekarar, kuma ban ga laifinsu ba, nima in ɗana ne sai nayi tunani sau goma. Sai dai na tsaya gaban allo ina zana dutse da alli, dutsen gaske na can bakin titi.

Kuma ba Kwatarkwashi kaɗai ba. Akwai duwatsun Kanoma a Maru, akwai na Tsafe, akwai tsaunukan ƙasar Zuru a Kebbi waɗanda duk wanda ya bi ta wajen bayan damina yasan Allah yayi halitta. Akwai dajin Kuyambana ta wajen Ɗansadau, gandun namun daji ne a takarda, yana manne da gandun Kamuku na Birnin Gwari wanda ya zama na tarayya a 1999. Mutumin Yauri kuma gandun Kainji na kusa dashi, shine na farko a Najeriya, an haɗa Borgu da Zugurma aka yi shi a ƙarshen shekarun 1970, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 5,300. Amma Malam Edita ka faɗi Kuyambana ko Kamuku a gaban yaro ɗan shekara 15 kaji mi zai ce maka, ba zai ce giwa ko gwanki ba, sunan dabar ɓarayi ya sani. Hanyar Magami zuwa Ɗansadau sai da rakiyar sojoji ake bi.

Nasan abinda wasu zasu ce, ana kashe mutane ana sace su ana sa wa ƙauyuka haraji kai kana maganar hawan dutse, Malam ko dai ƙoshi ne. Ba ƙoshi bane wallahi, nima ina da 'yan uwa da suka baro gonakinsu suna zaune a kangon mutane a nan Gusau, kuma ban ce kowa ya ɗauki iyalinsa ya nufi Ɗansadau yawon shan iska ba. Abinda nake cewa maganar guda ce. Lokacin da muke yara akwai malamin daji da masu gadin daji, ana tsoronsu, ba ka isa ka sare ɗanyen icce a gandu ba, sun san kowace hanya da kowace ruga da kowane mashayi. A hankali aka bar su ba albashin kirki ba babur ba kayan aiki, wanda yayi ritaya ba'a maye gurbinsa, aka yanka dazuzzuka da burtali aka raba wa masu hali gonaki, masu gawayi da masu katako da masu haƙar zinari suka shiga, hukuma ta janye ƙafarta daga daji gaba ɗaya, to sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ban ce wannan ne kaɗai musabbabi ba, akwai zalunci akwai talauci akwai makamai da suka kwararo, amma dajin da ma'aikaci ke kwana a ciki kuma baƙi ke shiga suna fita yana da idanu a kansa, wanda aka yi watsi dashi kuwa wani zai zo ya mallake shi. Soja zai iya korar ɓarawo yau, amma soja ba zai zauna har abada ba, in ba'a mayar da ma'aikata da mutane na halal ba gobe ma sai an sake.

Mu leƙa maƙwabta mu gani, don su sun fi mu kusa da Amurka a wannan fanni. Ɗan Kebbi in ya fita ta Kamba ya shiga Gaya ya bi Doso, kafin ya kai Yamai da kamar kilomita 60 zai tarar da Kure, inda raƙuman dawa na ƙarshe na Afirka ta Yamma suke. A 1996 irinsu kusan 50 suka rage a duniya, aka tashi tsaye aka haɗa kai da manoman wajen, ba shinge ba waya, dabbobin na yawo cikin gonakin mutane, samarin ƙauyukan suka zama 'yan jagora suna samun na cefane, har adadin ya haura 600. Sai ranar 9 ga Agustan 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 8 a wajen, Faransawa 6 ma'aikatan agaji da 'yan Nijar 2, direba da ɗan jagora, daga ranar baƙi suka ɗauke ƙafa, aikin shekaru sama da ashirin ya tsaya cak a yini ɗaya. Haka gandun W da Nijar da Benin da Burkina Faso suka haɗa, wanda ba shi da nisa da iyakar Kebbi, shima yanzu masu ɗauke da makamai sun shige shi.

In kuwa tsaunukan hamada na gaske ake so irin waɗanda ɗan yayata ya hau, ai muna dasu a ƙasar Azbin, kuma hanyar kakanninmu ce ta fatauci. Daga Sakkwato ka fita Illela ka shiga Ƙonni ka bi Tawa da Abalak har Agadas, garin da hasumiyar masallacinsa ta ƙasa ke da tsayin mita 27, wanda UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013. Arewa da shi duwatsun Ayar ne, da Bagazam inda ƙololuwar Nijar take, mita 2,022, da Timiya mai lambunan lemu da rumman a tsakiyar duwatsu, gabas kuma Tenere ce inda ayarin raƙuma ke ratsawa zuwa Fashi da Bilma ɗauko gishiri da dabino. Gandun Ayar da Tenere hekta miliyan 7.7 ne, ya shiga jerin UNESCO a 1991, shekara guda bayan nan aka sa shi cikin waɗanda ke cikin haɗari saboda tawaye. Da Hausa zaka yi ciniki tun daga Gusau har Agadas ba tafinta, ba biza, amma yau ɗan Zamfara ya fi samun sauƙin ganin hamadar Kalifoniya a waya da ya taka ta maƙwabtansa, balle tunda aka rufe boda bayan juyin mulkin Yulin 2023 al'amura basu koma daidai ba duk da mu mun buɗe namu ɓangaren a Maris 2024.

Sai masu cewa ai wannan al'adar Turawa ce, Bahaushe baya tafiya sai da dalili. To mahajjatan da suka taka da ƙafa ta Chadi da Sudan fa, da fataken Gwanja, da almajiran da suke tafiya gabas? Mu mutanen tafiya ne tun asali, kuma Alƙur'ani da kansa ya umarce mu muyi tafiya a bayan ƙasa mu duba, a suratul Gashiya ma an ambaci raƙumi da sama da duwatsu yadda aka kafa su. Abinda ya rage kawai a yi shi da mutunci, a tsare sallah, 'yan mata su tafi da malamansu mata, kada a mayar da kan dutse wajen shaye-shaye.

Don haka roƙona ga gwamnatin jiha da ƙaramar hukumar Bungudu da masarautar Kwatarkwashi, a bar maganar otal mai hawa biyar tukuna, a fara da dutse guda wanda ke bakin kwalta kusa da babban birni inda tsare shi ba zai gagara ba. A zauna da dattawan gari su faɗi inda ake hawa da inda ba'a so a taka. A sa fenti a duwatsu a yi alamar hanya, a kafa allo guda da Hausa da boko da ajami, a yi bandaki biyu da rumfa da famfon burtsatse a gindi, wanda in baƙi basu zo ba ma mutanen gari zasu sha. A ɗauki samarin garin su zama 'yan jagora da katin shaida, a koya musu taimakon farko, a aje littafi a ƙofa duk wanda ya hau ya rubuta sunansa in ya sauko ya soke. A ware Asabar da Lahadi daga Nuwamba zuwa Janairu, daga bayan asuba zuwa ƙarfe 11, jami'an tsaro da askarawa su tsaya a hanya da gindin dutsen na waɗannan awannin kawai, kuma duk ranar da rahoto bai yi daɗi ba a rufe, ba kunya a ciki, su ma Amurkawan suna rufe nasu in ambaliya ta cinye hanya. Kuɗin shiga ya zama kaɗan, a bada rasit, a kafe lissafin a bango kowa ya gani, kaso mafi tsoka ya tsaya a garin. A hana masu fasa dutse matsowa kusa. Sannan dan Allah ledar fiyawata, duk wanda ya hau da guda biyar ya sauko da biyar a ƙirga a ƙofa, in ba haka ba shekara ɗaya ta isa mu mayar da wajen bola, mun san halinmu.

Duk abinda na lissafa bai kai kuɗin jif ɗaya cikin jerin gwanon manya ba, kuma matsalarsa kenan ina jin, ba kwangila mai maiƙo a ciki. In ya yi kyau shekara biyu sai a ƙara da wani wajen, Kebbi ma su gwada nasu a Zuru ko su haɗa da Argungu, don bikin kamun kifin nan da aka fara tun 1934 har UNESCO ta karrama shi a 2016 kwana huɗu ne kawai, shima sai da ya yi wajen shekara goma ba'a yi ba kafin 2020, sauran kwanakin shekara gidan tarihin Kanta da kogin Matan Fada na nan ba mai leƙawa sosai.

Kai kuma Malam Edita ina roƙon ka turo wakilinku idan kaka tayi ya je ya zauna da mutanen Kwatarkwashi yaji ta bakinsu, ko suna so ko basa so, don dutsensu ne kuma su zasu kwana da abinda ya biyo baya. Masu karatu na Zuru da Yauri da Kanoma su ma su rubuto su faɗi halin da nasu wuraren ke ciki yanzu, wace hanya ke biyuwa wace ce bata biyuwa. Ni dai in aka sa tsaro aka bada takarda, ajin da nake koyarwa ne zai fara cika bas.

Nagode da fili, Allah ya bamu zaman lafiya.

Naku,
Wani malamin jogarafi,
Gusau, jihar Zamfara.